Daga Taki Zuwa Hekta: Yadda Awon Gona Ya Sauya a Ƙasar Katsina

Tambayi dattijo a Wurma, ta ƙasar Kurfi, girman gonarsa. Da wuya ya ambaci hekta. Zai ce tana ba da dami kaza na gero in damina ta yi kyau. Haka kakanninmu suka san gona, da abin da take kawowa rumbu.

Sauran awo kuwa a jikin mutum yake. Masaƙi da kamu yake auna sawaye, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Mai haƙar rijiya yakan zura guga, ya jawo igiyar yana ware hannuwa biyu, yana ƙirga gaba ɗaya, gaba biyu, har ya kai inda ta jiƙe. Hatsi yana da mudu da tiya.

Haraji ne ya kawo awon faɗin gona. Bayan Turawa sun ci ƙasar Katsina a 1903, aka kuma naɗa Sarki Muhammadu Dikko a 1906, sai suka so a ɗora wa manomi haraji daidai girman abin da yake nomawa. Daga nan aka sami malaman taki a ƙasashen Katsina da Kano. Malami zai tsaya a bakin gona, ya taka tsawonta yana ƙirgawa, ya taka faɗinta, ya ninka wannan da wancan, a mayar da lissafin zuwa eka. Mai gona yana biye da shi, idonsa na kan ƙafar malamin, don ya san duk taki ɗaya da ya ƙaru, kuɗi ne zai fita daga aljihunsa.

A nan gizo yake saƙar. Takin dogo ba ɗaya yake da na gajere ba. Gonakinmu kuma ba murabba'i ba ne. Wata ta bi rafi ta lanƙwashe, wata ta tsuke a gindin kuka. Wanda ya iya "gaisuwa" sai gonarsa ta ƙanƙance a takarda, talakan da bai iya ba tasa ta kumbura. A ganina, wannan na cikin dalilan da har yau gaban manomi ke faɗuwa in ya hango baƙo da igiyar awo a gonarsa, duk da cewa Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna.

Ita mita a Faransa aka haife ta, bayan juyin juya halin 1789, shi ya sa 'yan'uwanmu na Maraɗi suka riga mu saninta. Nijeriya sai zamanin Janar Gowon: naira ta maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairu 1973, dokar awo da ma'auni ta biyo baya a 1974. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ma da hekta ta yi magana.

Lissafin ba shi da wuya in an zauna masa. Hekta fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato murabba'in mita 10,000, kusan eka biyu da rabi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, wanda dillalai ke cinikinsa a Dutsin-Ma, bai cika murabba'in mita 465 ba, don haka irinsa 21 za su shige cikin hekta guda har da ragowa. Inda mutane ke ruɗewa shi ne rabi. Filin da ke da mita 50 ta kowane gefe ba rabin hekta ba ne, rubu'i ne. Wanda bai san haka ba zai zuba masa takin zamani ninki biyu na abin da malamin gona ya ce, ya ƙona shuka, ya ƙona kuɗi.

Awon ruwa shi ma ya shigo yankin Dutsin-Ma da madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. Tana ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 170. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato jarka 40 irin mai lita 25 da 'yan garuwa ke turawa a kura.

Amma je kasuwa ka ce a yanka maka mita biyar ta shadda. Mai shago zai ɗauko sandarsa ya tambaye ka yadi nawa, mai hatsi kuma a gefensa yana tsiri da tiya.