Yaye: Daga Lissafin Wata Zuwa Takardar Hutu

Kakata, mutuniyar Maiyama, ta yi shekaru tana sayar da fura a kasuwar Jega da goyo a bayanta. Sana'a ba ta taɓa raba ta da ɗa ba. In ya yi kuka sai ta juyo da shi gaba, ta ci gaba da damu. A zamaninsu da wata ake lissafin yaye. In yaro ya doshi shekara biyu, wa'adin da Alƙur'ani ya ambata, sai a karɓo rubutu wurin malam, a shafa wa nono maɗaci, a kai shi ɗakin kaka.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991, aka kuma kafa jami'a a Aliero a 2006, mata masu aikin albashi suka ƙaru, ofis kuwa ba ya karɓar goyo. Dokar ƙwadago ta ba mai haihuwa mako 12, sannan rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. To, rabin awa ba ta kai ni gida Jega daga wurin aikina a Aliero, balle ta dawo da ni.

Sai na hana ɗiyata nonon rana, na bar mata na dare har wata 20. Kaka ta daɗe tana kallona, sannan ta aika a sayo gero, ta ce kunun rana nata ne.