Immanuwel a Bakin Birni: Ma'anar Kirsimeti a Abuja

Abuja birni ne da aka tsara a kan tazara. Dokar 1976 ce ta kafa shi, gwamnati ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamba 1991, kuma tun daga nan mai iko yana Asokoro ko Maitama a bayan katanga, mai yi masa shara da gadi kuwa yana kwana a Nyanya ko Mararaba, ya yi sammako ya faɗa cunkoson motoci. Duk wanda ya taɓa neman ganin wani babba ya san zancen: a cika takarda, a zauna a benci har la'asar, a ce maigida ya fita. Hujjata a wannan maƙala ita ce, koyarwar Kirista game da Kirsimeti ta juya wannan tsari, kuma daga bakin birni aka fi ganin haka.

Sunan da ke ɗauke da koyarwar shi ne Immanuwel, wanda ya zo a sura ta 7 ta littafin Ishaya, Matiyu kuma ya ɗora shi a kan haihuwar Yesu. A Ibrananci kalmomi biyu ne: "immanu", wato tare da mu, da "El", wato Allah. Yahaya, a Linjilarsa, ya ƙara kusanto da zancen. Kalmar Helenanci da ya zaɓa don zaman Almasihu a cikin mutane, asalinta kafa tanti ne, yadda makiyayi ke kafa bukka inda dare ya same shi. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take: saƙo da ɗan aike ba sa maye gurbin takowa. A fahimtar Kirista, Allah ya daɗe yana aiko annabawa, a Baitalami kuwa ya tako da kansa. Abin da Majalisar Kalsidon ta tsayar ke nan a shekara ta 451, cewa Almasihu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum, mai jin yunwa da gajiya.

A nan hanya ta rabu da ta maƙwabtanmu Musulmi, kuma ɓoye hakan rashin ladabi ne ga ɓangarorin biyu. Alƙur'ani ya girmama Maryamu da ɗanta, ya kuma koyar da kusancin Allah ga bawansa, amma bai yarda Allah ya zama mutum ba. Saɓanin yana kan irin kusancin.

Babbar Majami'ar Kirista ta Ƙasa, wadda aka keɓe a 2005, tana tsakiyar birni, ba nisa da Masallacin Ƙasa. Gini ne mai kwarjini. Sai dai labarin da ake karantawa a cikinta ya faru ne nesa da irin wannan wuri. Luka ya ce umarnin ƙidaya ne daga Kaisar Augustas ya taso Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, suka rasa masauki, aka kwantar da jariri a komin dabbobi, makiyaya masu kwana a daji suka fara jin labari. Takarda ce daga babban birni ta ɗaga talaka da tsohon ciki. Mutanen Gwoza da rikicin Boko Haram ya koro, suka kafa ɗakunan buhu da leda a Kuchingoro da Durumi, ba sa bukatar mai sharhi a kan wannan sura. Da yawansu da Hausa suke jin ta, harshen da ya samu cikakken Littafi Mai Tsarki tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a ciki. A sujadar Hausa ta ECWA ko EYN za ka ga 'yan zumuntar mata cikin anko, ɗaya ta rungume tulu tana buga bakinsa, bayan an tashi kuma yara su bi gida gida da kwanon shinkafa, har gidan maƙwabci Musulmi.

Akwai tambaya mai nauyi da ba zan kauce mata ba. Ranar 25 ga Disamba 2011 bam ya tashi a Cocin Katolika na Santa Teresa da ke Madalla, a Jihar Neja dab da iyakar Abuja, mutane suna fitowa daga sujadar Kirsimeti. Fiye da talatin suka mutu. Ina kusancin yake a safiyar nan? Wanda ya ɗauki Immanuwel a matsayin laya mai kare jiki, ba shi da amsa. Amma Linjila ba ta yi wannan alkawari ba. Abin da ta ce shi ne Allah ya shigo cikin wahalar, ya ɗanɗana ta a jikinsa. Matiyun da ya kawo sunan Immanuwel, shi ne a sura ta gaba ya ba da labarin Hirudus yana kashe yaran Baitalami, iyaye mata suna kuka, Yusufu kuma ya tashi cikin dare ya ɗauki jaririn da uwarsa suka yi gudun hijira zuwa Masar.