Wa Ke Biyan Ɗan Dambe?

Ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Maganar yau sayen nama ne ya jawo ta. Wata Alhamis na shiga Babbar Kasuwar Katsina, na nufi layin mahauta wajen wani dattijo da nake ciniki da shi tun ana aike na da kuɗi ƙulle a gefen riga. Na daɗe ina lura yatsu biyu na hannunsa na hagu ba sa lanƙwasuwa, ban taɓa tambaya ba. Ran nan dai na ce, "Baba, wai wuƙa ce ta yi maka wannan aikin?" Ya yi dariya har ya aje wuƙar. Ya ce, "Wace wuƙa, ɗan nan? Kawunan mutane ne." Ashe tsohon ɗan dambe ne, bahago, ni ban sani ba duk shekarun nan.

A gefensa akwai jikansa, saurayi ne ƙaƙƙarfa mai kama masa aiki. Shi ya tsoma baki ya ce, "Yaya, don Allah ka sa baki. So nake in tafi Kano ko Abuja in shiga dambe, Baba ya hana." Na ɗauka tsoron rauni ne ya sa tsohon ya ƙi. Ashe ba shi ba ne. Cewa ya yi, "A zamaninmu na san mai biyana, ina kallon idonsa. Wannan nasu na yanzu, ya faɗa mani wa zai biya shi, kuma nawa aka samu kafin a ba shi nasa." Yaron ya yi shiru. Ni ma na yi shiru. Wannan tambayar ce na dawo gida da ita.

To bari mu koma baya.

Dambe a ƙasar Hausa, kowa ya sani, wasan rundawa ne, wato mahauta. Shi ya sa kalangu, wanda yake gangar mahauta, shi ne kiɗan dambe har gobe. Lokacinsa kaka. An gama girbi, rumbu ya cika, ana bukukuwan aure, ana kalankuwa, ƙauye na bukatar nama. Mahauta sai su yi ayari su bi gari gari, su yi yanka da safe, da la'asar a share fili. A naɗe hannu ɗaya da zare, shi ne mashi, ɗayan a bar shi a buɗe, shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan.

Abin lura a nan, babu ƙofa. Fili ne na Allah, ba wanda ke karɓar ko ɗari kafin ka tsaya kallo. Sana'ar mutum fawa ce, dambe suna yake ƙara masa. Baba ya ce min idan ya yi kisa, nan take ake yi masa kari: wannan ya jefo sule, wancan ya ce a kai masa damin gero masauki, mai gari ya tuɓe riga ya ba shi. Wata rana har akuya ya ja ya dawo da ita Katsina. Wannan kafin 1973 ke nan, lokacin fam da sule, naira ba ta zo ba.

Na ce, "To Baba, ina dukiyar?" Ya ce, "Makaɗa suka cinye." Kuma ba da ɓacin rai ya faɗa ba. Ka ga, kuɗin dambe a da zagayawa yake a fili, kowa na gani. Jama'a su ba ɗan dambe, ɗan dambe ya juya ya ba makaɗinsa da maroƙa, ya ba mai yi masa laya da guru, ya sallami yaransa masu riƙe masa kaya. In ka yi rowa, makaɗi ya bar ambatonka, in ya bar ambatonka an manta da kai, in an manta da kai ba mai jefo maka sule a gari na gaba. Wato makaɗi shi ne rediyon ɗan dambe, shi ne allon tallarsa. Ku duba Shago. Yau mutum nawa ne a raye da suka ga damben Shago da idonsu? Amma waƙar da Ɗan Anace ya yi masa ta sa yaron da aka haifa jiya ya san sunan. Ni a ganina duk abin da Shago ya ba Ɗan Anace, shi ya ci riba.

Daga baya sai dambe ya shigo birni ya zauna. Aka kewaye fili da zana, daga baya da kwano, aka sa mutum a bakin ƙofa da jaka. Daga ranar da aka yi wa dambe ƙofa, lissafin ya canza. Ba sai kaka ba, kullum ana yi. Ba sai bamahauci ba, duk mai ƙarfin zuciya na iya ɗaure hannu. Aka samu gidajen dambe sanannu, irin na Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano da gidan Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, aka kasa 'yan wasa ɓangarori, Arewa da Kudu da Guramada, domin ɗan kallo ya samu gefen da zai tsaya wa ya dawo gobe.

A wannan tsari mai gidan dambe ne ke tara kuɗin ƙofa. Shi zai ba da masauki, ya biya makaɗa da alƙalai da masu tsaro, sannan ya yi wa 'yan wasa sallama. Sallamar kuwa ba ɗaya ba ce. Wanda sunansa ke cika gida, sai an aika masa da kuɗin mota da kafin alƙalami kafin ya taso. Sabon shiga kuma, wanda ake fara wasa da shi jama'a ba su gama zama ba, abin da zai samu bai wuce na abinci da man zafi ba, alhali naushin da ya sha bai fi na babban sauƙi ba. Kari bai mutu ba, har yau ana liƙi, kuma a manyan gasa akan sa babur ko sa ko mota. Amma mota ɗaya ce, masu nemanta da yawa. Sauran duk da kumburin fuska za su koma gida.

Kada ku ce wannan halin namu ne kawai. Damben Turawa na safar hannu ma a kan wannan turbar ya bi, sai dai nasu kuɗin ya fi kauri, ƙofar kuma ta fi nisa.

A watan Agusta na 1963 aka yi damben kambun duniya a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, tsakanin ɗan Najeriya Dick Tiger da Ba'amurke Gene Fullmer. Kuɗin ƙofa kaɗai ba zai iya ɗauko irin wannan wasa ba, sai da gwamnatocin Najeriya na lokacin suka tsaya da kuɗi. Me suke saye? Suna. Ƙasa ce sabuwar samun 'yanci tana son duniya ta waiwayo ta. Dick Tiger ya yi nasara. Amma yaƙin basasa ya cinye abin da ya tara a gida, har sai da ya yi aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a New York, ya rasu a 1971.

Shekara goma sha ɗaya bayan Ibadan, ranar 30 ga Oktoba 1974, Muhammad Ali ya kara da George Foreman a Kinshasa. Don King ya yi wa kowannensu alkawarin dala miliyan 5, kuɗin da shi kansa ba shi da su, sai da Mobutu ya shigo. Ga abin da ya fi ba ni mamaki: da misalin ƙarfe huɗu na asuba aka yi wasan. Mutanen Kinshasa suka kwana a fili. Me ya sa? Domin a Amurka a lokacin dare ne na fita kallo, kuma masu biyan kuɗi na gaske suna can zaune a gidajen sinima suna jiran hoto. Kun gane? Mai biya ya bar bakin fili, ya koma wata nahiyar, har lokacin wasa ma shi ake bi.

Wannan shi ya girma ya zama biya-ka-kalla na talabijin. A watan Mayu na 2015, da Floyd Mayweather ya haɗu da Manny Pacquiao a Las Vegas, kuɗin ƙofa ya kai kimanin dala miliyan 72. Kuɗi ne na tashin hankali, amma na gida-gida ya ninka shi sau biyar da ɗoriya: gidaje kusan miliyan 4.6 suka saya, aka tara sama da dala miliyan 400. Kuma tun kafin a sa safar hannu an raba, kashi 60 na Mayweather, 40 na Pacquiao. Ko wa ya ci, rabon ba zai canza ba. Wannan ya kamata jikan Baba ya ji da kyau. A babban dambe ba nasarar ranar ake biya ba, yawan mutanen da sunanka ya jawo ake biya. Yanzu kuma Saudiyya ce ke yin abin da Mobutu ya yi, tun daga karawar Anthony Joshua da Andy Ruiz a Diriyah cikin Disamba 2019.

Sannan adadin da kuke ji a labarai ba shi ke shiga aljihu ba. Manaja kan ɗauki har kashi ɗaya cikin uku, mai horarwa kashi goma cikin ɗari, ga haraji, ga kuɗin sansanin atisaye. Su ma da nasu makaɗan. Mike Tyson da duk abin da ya samu, a 2003 ya bayyana a kotu cewa ya karye. Cutar ta yi yawa har a shekarar 2000 Amurka ta yi doka da sunan Muhammad Ali, wadda a cikinta aka tilasta wa mai shirya wasa ya bayyana wa ɗan dambe abin da shi yake samu daga wasan. Wallahi da na karanta wannan sai na tuna Baba. Tambayar da ya yi a kan teburin nama, ita majalisar Amurka ta zauna ta mayar doka.

To mu dawo gida. Damben gargajiya yanzu ya shiga wannan mataki na uku. Je ka kowane gidan dambe, za ka ga wayoyi a sama kamar ana roƙon ruwa. Akwai masu ɗauka su sa a YouTube da Facebook da TikTok, akwai kamfanoni irin Dambe Warriors da African Warriors da suka mayar da abin sana'a, suna kai shi ga masu kallo a ƙasashen da ba su san kalangu ba. Ni ban ga laifin wannan ba, gaskiya. Ya ɗaga darajar wasan, wasu 'yan damben sun samu abin da kakanninsu ba su yi mafarki ba. Inda nake da ja shi ne, kuɗin talla da na masu ɗaukar nauyi ba a fili ake zuba su ba. Damin gero kowa ya gan shi. Jakar mai ƙofa ma in ka ƙirga kawuna za ka iya kintace. Amma wasan da aka ɗauka yau, a ci gaba da kallonsa shekara biyar, yaron da aka fasa wa baki a ciki sallamar yini ɗaya ya karɓa, kuma mafi yawa ba takarda aka rubuta ba.

Bayan sati biyu na koma kasuwa. Na zayyana wa Baba duk wannan, yana ji yana fiɗa. Da na zo kan damben asuba na Kinshasa ya girgiza kai ya ce, "Ko sallah ba su bari an yi ba." Jikan kuma ya ciro waya ya nuna min wani wasa da ya yi a ɓoye a wani ƙauye, wani ya ɗauka ya sa. Ya yi kisa a turmi na biyu, mai kyau kuwa. Ya nuna min adadin waɗanda suka kalla, fuskarsa cike da murna. Na ce, "Ƙanena, wa ya ɗauka?" Ya ce bai san shi ba.

Baba ya karɓi wayar da hannun nan mai sandararrun yatsu, ya kalli wasan har sau biyu. Ya ce garkuwar yaron tana sauka da wuri, in ya haɗu da bahago zai sha ƙasa. Sannan ya ce in ya ga dama ya tafi bayan Babbar Sallah, in aikin layya ya lafa, amma da sharaɗi biyu: teburinsa na nan ba za a ba kowa ba, kuma duk wanda zai sa shi wasa gaban kyamara, a faɗi kuɗi tukuna gaban shaidu kafin a naɗa zare. Ya miƙa masa wayar, ya ce ya auna min kilo biyu, ban da ƙashi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.