Tarihin Kalmar Sirri a Kwamfuta

Kalmar sirri ita ce abin da babbar manhajar kwamfuta, wadda ke tafiyar da na'urar baki ɗaya, take nema a wurin mutum kafin ta buɗe masa. Bakin masana bai zo ɗaya ba a kan inda aka fara ta. Wasu na ambaton Sabre, tsarin sayar da tikitin jirgin sama, amma hujja ta fi ƙarfi a kan CTSS na jami'ar MIT a Amurka, wanda Fernando Corbató ya jagoranta, aka fara gwada shi a 1961.

A CTSS kwamfuta ɗaya ce, masu aiki da ita da yawa, kowa da fayilolinsa da lokacin da aka yanka masa. Matsalar ita ce kalmomin kowa na cikin fayil guda, a rubuce ƙarara. Wani ɗalibi, Allan Scherr, da sa'o'i huɗu a mako suka yi masa kaɗan, ya sa aka buga masa fayil ɗin a takarda, ya riƙa shiga da sunayen wasu. Shi da kansa ya ce a 1962 ya yi hakan.

Gyaran da ya fi kowanne muhimmanci daga Kambirij ta Ingila ya fito. A 1967 Roger Needham ya kawo dabarar da kwamfuta za ta daina ajiye kalmar ita kanta. Sai ta dagula ta da lissafin da ba ya komawa baya, ta ajiye sakamakon. In mutum ya zo shiga, ta dagula abin da ya rubuta, ta gwada da na ajiye. Ba a cika ba wannan mataki haƙƙinsa ba, alhali a kansa aka ɗora duk abin da ya biyo baya.

Robert Morris da Ken Thompson sun ƙarfafa dabarar a babbar manhajar Unix, suka bayyana aikinsu a 1979. Sun ƙara wa kowace kalma wani ɗan adadi da ake zaɓa ba tare da tsari ba kafin a dagula ta, ta yadda kalma ɗaya za ta iya fita ta fuska 4,096. Sun kuma tattara kalmomi 3,289 da mutane ke amfani da su, suka tarar kashi 86 cikin ɗari masu sauƙin ganowa ne: gajeru, ko sunaye, ko kalmomin ƙamus.

Babbar manhajar Windows NT kuwa ta zo a 1993 da shiga ta dole, amma a Windows 95 da 98 ana iya danna maɓallin fasawa a wuce.

A jihar Jigawa kuwa, wadda aka ƙirƙira a 1991, harkar kwamfuta ta bunƙasa ne zamanin Gwamna Saminu Turaki, lokacin da aka kafa cibiyar fasahar sadarwa ta Kazaure. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta biyo baya a 2011. Matasa da dama sun fara haɗuwa da tantancewa mai tsauri ne a jarrabawar JAMB, da ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015: sai ɗalibi ya dangwala yatsa a ƙofa, sannan ya zauna ya shigar da lambar rajistarsa. A shagunan kwamfuta kuwa, sau da yawa mai shago ne ke buɗe wa ɗalibi imel, shi ne kuma ke zaɓa masa kalmar sirri.