Babikir Awadallah: alƙalin da ya ajiye kujera

'Yan'uwa, a karatun Tuhfa na makon jiya muna cikin babin alƙalanci sai wani ɗalibi ya ce, "Malam, a zamanin nan an taɓa samun alƙalin da ya bar kujerarsa saboda gaskiya?" An samu kuwa, a nan Sudan.

An haifi Babikir Awadallah a 1917 a Gitaina, bakin Farin Nilu. Ya karanta shari'a a Kwalejin Gordon da ke Hartum, ya shiga aikin alƙalanci. A 1954 ya zama shugaban majalisar wakilai, shi ne kuma a kan kujera ranar 19 ga Disamba 1955 da majalisar ta ayyana 'yancin ƙasa. Bayan boren Oktoba 1964 ya zama Alƙalin Alƙalai.

Jarrabawarsa ta zo ta inda ba a zata ba. A 1965 wani ɗalibi ya yi maganar banza a kan iyalan gidan Annabi a wani taro a Umdurman. Jama'a suka fusata, da gaskiyarsu kuwa. Majalisa ta ɗora laifin a kan jam'iyyar kwaminis, ta haramta ta, ta kori wakilanta. Kotu ta ce wannan ya saɓa wa tsarin mulki, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu. A 1967 Babikir ya ajiye aikinsa. Mu dai ba ma ga-maciji da aƙidar kwaminis, amma mun karanta cewa alƙali ba ya duba fuskar mai ƙara. In sai mai mulki ya ga dama zai bi hukunci, to, talaka irinmu ina zai kai kukansa ranar da aka ci masa iyakar gona?

Sai dai labarin bai ƙare nan ba. Ranar 25 ga Mayu 1969 Ja'afar Numairi ya yi juyin mulki, aka rushe majalisa da jam'iyyu, Babikir ya karɓi kujerar firayim minista. A Oktoba Numairi ya karɓe ta, amma ya bar shi minista. Yana cikin gwamnatin a Maris 1970 lokacin da aka yi wa tsibirin Aba ruwan wuta, inda 'yan'uwanmu mutanen Yamma suke da yawa cikin Ansar.

Ya rasu a Janairu 2019, ya haura shekara 100. Hisabinsa yana wurin Allah. Mu abin da muka gaya wa ɗalibinmu shi ne: wanda ya tsallake jarrabawa ɗaya, kada ya saki jiki, wata tana tafe. Allah Ya jiƙansa, Ya sa mu cika da kyau.