Daga Akawu zuwa Darakta: Tarihin Sunayen Muƙamai a Aikin Gwamnatin Nijeriya

A zamanin En'e, sunan muƙami shi ke faɗin aikin mai shi. Akwai ma'aji, magatakarda, malamin haraji, malamin gona da malamin asibiti, kuma takardar Midil ta isa a ɗauki mutum aiki. Sauran ilimin a bakin aiki ake koyonsa. Don samar da akawuna aka buɗe makarantar horar da su a Zariya a 1947. A 1954 ta koma Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki, sannan ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, lokacin da ake neman 'yan ƙasa da za su gaji kujerun Turawa.

Babban sauyi ya zo da rahoton Kwamitin Udoji na 1974. Kwamitin ya zuba ma'aikata duka a tsani guda mai matakai 17, ya kuma nemi a riƙa tafiyar da ofisoshin gwamnati irin yadda manajoji ke tafiyar da kamfanoni. Daga nan takardar shaida ta zama ita ke yanke matakin da mutum zai fara: mai digiri a mataki na 08, mai takardar sakandare can ƙasa. Gyaran da gwamnatin Babangida ta yi a 1988 ya ƙara ƙarfafa wannan, domin an mayar da babban sakatare Darakta Janar, aka jera daraktoci da mataimakansu a ƙarƙashinsa. Kwamitin Ayida na 1994 ya sa an dawo da sunan babban sakatare, amma daraktocin sun zauna daram. Sakamakon haka, injiniya ko likitan dabbobi da ke son kaiwa ƙololuwa sai ya bar fili ya koma kula da fayil da kasafin kuɗi.

A ɗaya ɓangaren, masu takardu sun yi ta ƙaruwa. Jami'o'i biyar ne a ƙasar a 1962. Yau sun haura 200, alhali guraben aiki ba su bi sahu ba. Masu ɗaukar aiki suka riƙa ɗaga sharaɗi don rage yawan masu nema. Takardar Grade II da ta riƙe makarantun firamare shekara da shekaru ta ba NCE wuri a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Mai HND kuwa ya daɗe yana tsayawa a wani mataki da ba ya ƙetarewa sai ya ƙaro difloma ta gaba da digiri, abin da ya haifar da doguwar taƙaddama tsakanin 'yan kwalejin fasaha da 'yan jami'a.

Kamfanoni da bankuna ma sun bi wannan hanya: jami'in kula da ma'aikata ya zama manaja, mai neman kwastomomi ma manaja. Aikin da mai takardar sakandare ke yi a shekarun 1970, yanzu digiri da shaidar bautar ƙasa ake nema kafin a ba da shi.