Yadda batir ya sha gaban haidurojin

Da a ce shekara ashirin da suka wuce ka tambayi manyan masu ƙera motoci me zai gaji fetur, da yawansu haidurojin za su ce maka. A 2003 shugaban Amurka George W. Bush ya sanar da shirin dala biliyan 1.2 domin binciken motar haidurojin. Batir kuwa kallon tsohon yayi ake yi masa.

Kuma tsoho ne ɗin. Tun 1899 ɗan Beljiyam Camille Jenatzy ya haura gudun kilomita 100 a awa da motar lantarki, kafin kowace mota ta yi hakan. Da Ford ya fito da Model T mai araha a 1908, fetur ya wadata, sannu a hankali aka daina jin ɗuriyar motar lantarki.

Shi ma haidurojin ba yaro ba ne. A 1839 William Grove ya nuna cewa in aka haɗa shi da iskar oksijin, wutar lantarki ake samu da ruwa. Da wannan dabara kumbon Apollo ya samu lantarki, 'yan sama jannati kuma suka sha ruwan. General Motors ta gwada ta a motar Electrovan a 1966, sai dai tankuna da na'urori sun cinye bayan motar, kujera biyu kacal suka rage.

A ƙarshen 2014 Toyota ta fito da Mirai. Wallahi mota ce mai ban sha'awa! Minti biyar ka cika tanki, ba hayaƙi, ruwa ne kawai ke ɗiga daga salansa.

To ina gizo ke saƙar? A hanyar da wutar ke bi. In daga ruwa za a samo haidurojin, sai an kashe lantarki an raba ruwan, an matse iskar, an yi dakonta a tanka, sannan motar ta sake mayar da ita lantarki. Kafin a kai ga taya, kusan kashi biyu cikin uku ya salwanta. Batir kuwa daga soket sai mota, asarar kaɗan ce. Ga shi soket na gidan kowa, gidan sayar da haidurojin kuwa sai an zuba miliyoyin daloli a gina shi.

Da batirin litiyam, wanda Sony ta fara sayarwa a 1991, ya yi ta arha, sai Tesla da Nissan Leaf da kamfanonin Sin suka cika kasuwa. A 2023 an sayar da motocin da ake yi wa caji kusan miliyan 14 a duniya. A Fabrairun 2024 Shell ta rufe gidajen haidurojin ɗinta na ƙananan motoci a Kalifoniya, ta bar masu Mirai suna layi a 'yan tsirarun da suka rage.